Abin da Magagi Ya Yanke

Duk wanda ya taɓa zuba waƙa a wayarsa a garin Diffa ya san rumfar Magagi, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan gefen tasha, tsakanin mai gyaran rediyo da mai shayi: benci ɗaya, tebur ɗaya, ordinatar, wato kwamfuta, mai tsagaggen gilashi, da lasifika biyu da ba su san hutu ba. Sana'arsa turi. Ka kawo katin wayarka, ka faɗi abin da ranka yake so, waƙa ko wa'azi ko fim, ya tura maka ka kama gabanka.

Mutumin Damagaram ne. Ubansa ɗan tireda, yayyensa duka 'yan tireda, shi kaɗai Allah ya ba kunne ya hana shi haƙurin auna sukari. Yana da shekara goma sha tara aka turo shi Diffa wurin kawunsa Alhaji Sha'ibu ya koyi zaman kanti, bai cika wata shida ba aka gan shi da faranti a ka yana tallar kaset. Kaset ta mutu ya koma faifai, faifai ya mutu ya koma turi. A nan ya yi aure, a nan matarsa Hanifa ta haifa masa 'ya'ya huɗu, har Barebarin gari suka daina kiransa baƙo. Yau ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙo masa ta gefen hula, amma bakin nan nasa bai tsufa ba. "Ni waƙa in ta shiga kunnena sau ɗaya," in ji shi, "na san ko za ta ci kasuwa ko za ta kwana." Kuma mafi yawan lokaci da gaskiyarsa, abin da ya ɓata shi ke nan.

Ana saura shekara guda mutanen bakin kogin Komadugu su watse, wani dogon mutum ya tsaya a rumfar. Tun kafin ya gama sallama Magagi ya fara atishawa, don ƙaurin busasshen tattasai ya kama rigar mutumin. Sunansa Abatcha, manomin tattasai ne daga Geskeru, kuma yana kaɗa gurmi. Ba mawaƙin manya ba ne. A wurin tsinkar tattasai yake waƙa, da gidan suna, da ranar da aka kwashe shanya, mata na yi masa amshi. Waƙoƙin kuwa duk shi yake shirya abinsa. A shekarar ya sami wani matashi mai na'urar ɗaukar murya a cikin gari, ya zauna a ɗakinsa kwana biyu, ya yi waƙa tara.

Ya cire hularsa, ya ciro kati a naɗe cikin 'yar takarda.

"Ba na neman komi," ya ce da Hausarsa mai nauyin Barbarci. "Ka sa ma mutane, su ji."

Magagi ya kunna ta farko don dai kada ya kunyata baƙo. Kafin baiti na biyu tsigar jikinsa ta tashi. Murya ce mai ɗan kaushi, ba ta gaggawa, tana maganar ruwa in ya janye ya bar wa manomi gefe, da jan tattasai in ya rufe fili har ido ya gaji. Kowace waƙa cikin taran iri ɗaya take ƙarewa. Gurmi ya sassauta, mawaƙin ya sauke murya ya ce:

"Abatcha ne ya faɗa, ɗan Ya Gumsu,
mai gona a bakin ruwa, can Geskeru."

A ba Magagi haƙƙinsa, ya gwada. Wata biyu cur yana cusa wa mutane. Amma mutanen Diffa ai ka san su, abin da bai ƙetaro kogi daga wajen Maiduguri ba ba ya yi musu daɗi. "Abatcha wa? Na Geskeru? Mai tattasai?" in ji su. "Haba Magagi, in manomi nake son ji ai ƙauye zan koma." Ko kunnawa ba sa bari a yi.

Wata rana da azahar, kasuwa ta yi sanyi, Magagi ya zauna da waƙoƙin nan tara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana datse layi biyun ƙarshe. Bai ɗauke shi rabin awa ba. Ya tara su wuri guda ya rubuta musu "Sababbin Maiduguri". Da yake ordinatar tasa ta lokacin ba ta da fili, sai ya ɗora yankakkun a kan na asali. Ya gaya wa kansa taimako yake yi: bari su kama gari tukuna, in sun kama sai ya faɗi mai su.

Suka kuwa kama. Masu turi ai a hannun juna suke kwafa, kafin wata ya ƙare waƙoƙin "ɗan Maiduguri" sun cika tasha, sun shiga motocin Maine da na Ngigmi. Magagi yana jin su suna tashi daga rumfar wasu, yana shafa gemu yana cewa ai ya faɗa. Ranar faɗin mai su ce dai ba ta zo ba. Yau ya ce gobe, gobe ya ce ai yanzu in ya faɗa za a ce da ƙarya ya yi.

Sau ɗaya Abatcha ya ƙara zuwa. Ya kawo ƙullin tattasai mai kyau, ya ce a kai wa uwargida.

"Ana ji?" ya tambaya.

"Ana ji sosai," in ji Magagi.

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ya karɓi tattasan. Hanifa ta yi wata guda tana miya da shi tana sa wa mai shi albarka.

Daga nan tashin hankali ya zo. Mutanen bakin kogi suka bar gonaki da injinan ban ruwa, suka yi bukkoki a gefen kwalta. Kafin su sami natsuwar sauraron waƙa yayin ɗan Maiduguri ya wuce, wasu sababbi sun danne shi. Magagi ya sauya ordinatar sau biyu, kowane sauyi yana kwashe tsofaffin kaya zuwa sabuwa, har da taran nan. Bai ƙara kunna su ba. Bai kuma tambayi kowa inda Abatcha ya faɗa ba, don ya fi son kada ya sani.

Shekara tara aka yi a haka.

Wata Talata da hantsi mata uku suka tsaya a gaban teburinsa, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Babbarsu za ta kai sittin, gajera ce mai kaifin ido. Ta ce sunanta Mariyama, su mutanen Geskeru ne, a da su ne masu tsinkar tattasai, yanzu suna zaune a bukkokin bayan gari.

"Ɗana, waƙar Abatcha muke nema," ta ce. "Rumfa bakwai muka je tun jiya, kowa ya ce bai san shi ba."

Magagi ya gane nan take. Ya ce, "Abatcha?" kamar mai son tunowa.

Ta ba shi labari a tsaye, ta ƙi zama. Ciwon maƙogwaro ya kama Abatcha shekara biyu da suka wuce. An kai shi likita, an ceci ransa, amma murya ta tafi, sai raɗa. Matarsa ta rasu tun a hanyar gudu. Su matan da suka yi masa amshi shekara da shekaru su ne suke riƙe da shi, yau wannan ta dama masa kunu, gobe waccan ta wanke masa riga. Katinsa ya ɓace ranar da aka gudu. Matashin da ya ɗauki muryar ya tafi Agadas, ba labari. Shi kuwa ba abin da yake roƙo sai ya ƙara jin muryarsa ko sau ɗaya.

"Ya ce ya taɓa ba wani Bahaushe waƙoƙin a gefen tasha," in ji ta. "Ya manta sunansa. Ya ce dai mutum ne mai kirki."

A nan ne ya kamata Magagi ya buɗe baki. Maimakon haka sai ya jawo ordinatar, ya rubuta sunan Abatcha, ya danna nema. Ba abin da ya fito, kuma ya san ba abin da zai fito. Har juya mata gilashin ya yi, matar da ba ta karatun boko, wai ta gani da idonta.

"Kin gani, Ya Mariyama. Babu."

Mariyama ta dubi gilashin. Sannan ta ce, "Ko dai sunan ne ba ku sani ba. Bari ka ji." Ta gyara mayafi, a nan tsakiyar tasha, ta ɗaga tsohuwar muryarta:

"Ruwa ya janye, ya bar mana gefe,
ku kawo dashe tun rana ba ta yi ba."

Sauran biyun suka amsa mata.

A kan bencin akwai Lurwanu, direban motar Maine, yana jiran a cika masa kati. Ya yi tsalle ya miƙe.

"Kai! Ai wannan ta ɗan Maiduguri ce! Magagi, ka manta? Kai ka tura min ita tun tuni, har yau tana wayata." Ya laluba, ya danna.

Gurmi ya tashi. Da muryar ta shigo, ɗaya daga cikin matan ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Mariyama ba ta motsa ba, hawaye kawai ke bin kumatunta. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya matso, mai gyaran rediyo ma haka. Aka saurara har gurmi ya sassauta, sai waƙa ta tsaya cak.

"Ina sauran?" in ji Mariyama.

"Nan ta ƙare, Iya," in ji Lurwanu.

"Ba nan ta ƙare ba." Ta sa aka kunna ta biyu, aka ja ta zuwa ƙarshe. Haka. Ta uku ma haka. Sai ta fahimta, ko dai ta ɗauka ta fahimta. "Sace masa suka yi. Suka kai Maiduguri suka yanke sunansa." Ta ɗaga hannu biyu sama. "Wanda ya sa hannu ya yanke wannan, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Jama'a suka ce amin. Idon mai shayi na kan Magagi, na Lurwanu ma haka, ba don suna zarginsa ba, don dai rumfarsa ce. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Amin."

Ya tura musu taran a kati. Suka kwance bakin zane ya ce su bar shi. Nan fa suka shiga sa masa albarka, shi da 'ya'yansa da iyayensa na Damagaram. Kowace albarka ji yake kamar ana watsa masa ruwan zafi. Mariyama ta ce lallai ya zo ranar Juma'a ya ga Abatcha, don wayarsu ƙarama ce, ba ta da sauti, ya taho da lasifikarsa.

Ranar bai kai la'asar ba ya rufe rumfa. Ya je gida ya tono tsohuwar ordinatar daga ƙarƙashin tarkace, ya kai wa mai gyara, ko Allah zai sa na asalin su fito. Mai gyara ya buɗe ta ya yi dariya, ya ce gara ta riga shi. Da Magagi ya dawo ya zauna gaban tuwo ya kasa kai loma. Hanifa ta tsare shi da ido har ya faɗa mata, tun daga farko.

"Mai tattasan nan?" ta ce. "Wanda na yi ta sa wa albarka?"

"Shi."

Ta ɗauke kwanon tuwon ta rufe. "To sai ka je. In ba ka faɗa masa ba, ni zan je in faɗa."

Ranar Juma'a da safe ya ɗauki ƙaramar lasifika ya bi kwalta har bukkokin. Ya tarar da mata kusan ashirin a zaune ƙarƙashin rumfar zana, da tsofaffi maza biyu-uku. Abatcha na tsakiya a kan tabarma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gurminsa na rataye a jikin dirka, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Da ya ga Magagi fuskarsa ta washe. Ya nuna shi da yatsa, ya yi raɗa, ta kusa da shi ta faɗa da ƙarfi: "Ya ce shi ne. Shi ne mai kirkin."

Magagi ya durƙusa ya gaishe shi, bai iya haɗa ido da shi ba. Ya kunna.

Abatcha ya rufe ido. Leɓɓansa suna bin waƙar kalma bayan kalma, yatsunsa na kaɗa iska a kan gwiwa. Gurmi ya sassauta, lasifika ta yi shiru, amma leɓɓan ba su tsaya ba. Suka ci gaba su kaɗai, ba sauti, har suka gama layi biyun. Sannan ya buɗe ido ya dubi lasifikar. An riga an gaya masa 'yan Maiduguri sun yanke, amma ji daban ne. Aka sa ta biyu, ya sake yin haka. A ta uku Magagi ya kai hannu ya kashe.

"Baba Abatcha," ya ce. "Ba 'yan Maiduguri ba ne. Waƙar nan ba ta taɓa zuwa Maiduguri ba. Ni na yanke. Da hannuna, a rumfata. Na asalin ma na goge."

Ya faɗi sauran duka, da wata biyun da ya gwada, da azahar ɗin, da tattasan da ya karɓa. Ba wanda ya katse shi. Da ya gama, akuya kaɗai ke kuka a bayan zana.

Mariyama ce ta fara magana. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Kuma ka ce amin?"

Ya sunkuyar da kai. In da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Abatcha ya yafito shi. Dole Magagi ya matsa, ya kai kunnensa daf da bakin mutumin, kunnen nan da yake taƙama da shi.

"Nawa sunan, ba komi," in ji raɗar. "Na uwata fa?"

Ya tsaya ya huta, ya haɗiyi yawu da ƙyar.

"Kabarinta na can. Ba a zuwa. A cikin waƙar na aje ta."

Magagi ya fashe da kuka, babban mutum da furfura, a gaban mata ashirin. Ba wadda ta ba shi haƙuri. Wata tsohuwa ce kawai ta ce, kamar ba da shi take ba, Ya Gumsu ce ta koya wa ɗanta waƙa a bakin turmi, kuma tun da ta rasu bai taɓa rufe waƙa bai kira ta ba.

Can Mariyama ta ce, "Share fuskarka. Abin nan naka yana ɗaukar murya?"

Ya ce yana ɗauka.

"To mayar da ta farko. In ta tsaya ka ɗauka."

Ya mayar. Gurmi ya sassauta, muryar Abatcha ta yanke, sai matan suka karɓa gaba ɗaya, wasu sun riga wasu, wata na tari:

"Abatcha ne ya faɗa, ɗan Ya Gumsu,
mai gona a bakin ruwa, can Geskeru."

Sau tara suka yi, kowace waƙa da nata. Magagi na durƙushe riƙe da waya sama har hannunsa ya sage, bai sauke ba. Abatcha bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da za a tashi dai ya nuna lasifikar, ya nuna ƙirjinsa, Magagi ya bar masa ita.

Kwana biyu ya yi yana liƙa muryar matan a ƙarshen kowace waƙa. Liƙin bai yi kyau ba, kuma ba yadda za a yi ya yi kyau. Ya goge "Sababbin Maiduguri", ya rubuta "Abatcha ɗan Ya Gumsu, Geskeru". Sannan ya bi rumfunan masu turi na Diffa da ƙafa, har bakwai ɗin da matan suka je da wasu huɗu. A kowace sai ya ba da labarin daga farko, don ba mai yarda ya goge kayansa ba dalili. Wasu suka yi masa dariya. Wani ya ce, "Kai da kake mana wa'azin kunne?" Lurwanu ya yi wata biyu ba ya zama a bencinsa.

Yanzu in ka je rumfar za ka sami waƙoƙin a sahun farko, kuma suna fita, don labarin ya zaga gari. Mutanen bakin kogi da daga baya suka koma gona suna aiko da kati daga Geskeru da Tumur. Samari kan tambaya me ya sa murya ta sauya a ƙarshe, har da kukan akuya. Da Magagin da ne sai ya ce salo ne. Na yanzu sai ya ce, "Ni na yanke. Zauna in gaya maka."

Abin da ya kasa shi ne kiran waɗanda suka riga suka fita. Yankakkun suna nan a tsofaffin wayoyi, a motocin da ba su san rumfarsa ba. Wani lokaci yana tsaka da turi sai ya jiyo gurmin daga wata mota da ke lodi. Nan take hannunsa yake tsayawa. Ya jira har gurmi ya sassauta, har waƙar ta tsaya cak inda ya tsayar da ita. Sai ya miƙe tsaye a gaban kowa, da muryarsa da ba ta waƙa ba, ya ƙarasa: ɗan Ya Gumsu, mai gona a bakin ruwa. Baƙi kan juyo su dube shi. Mai shayi ya saba, ba ya ko ɗaga kai.